Pele Ya Fara Ko Ya Zauna a Benci?

Ranar Laraba 24 ga Oktoba, 2018, Kano Pillars ta shiga filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba domin buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, wanda a wancan lokacin ake kira Aiteo Cup. Enugu Rangers ce a gabanta. Wasa bai yi nisa ba kyaftin Rabi'u Ali, wanda Kano duka ke kira Pele, ya jefa ta farko. Ibrahim Alhassan ya ƙara ta biyu tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba. Ana dawowa Nyima Nwagua ya zura ta uku. Uku da nema, a wasan ƙarshe, a kofin da rabon Kano da shi tun 1953, tun Bature na nan.

A kudancin jihar Kano kaka ce. Tudun Wada ana yankan shinkafa, Doguwa ana kwaso masara daga gona, Kiru da Bebeji dawa ta fitar da kai ana jiran ta bushe. A Kwanar Dangora, inda titin Zariya ya rabu da wanda ya nufi Jos ta Tudun Wada da dajin Falgore, da wuya ka wuce teburin mai shayi ba ka ji rediyo ko waya an ƙure mata murya ba. Da ta ukun nan ta shiga, 'yan acaba suka hau zuga babura, direbobin da ke lodin Kano suka bar kiran fasinja suka koma lissafin ta inda za a shigo da kofi cikin birni. Babu wanda ya ga laifinsu. Wa ya taɓa jin an ci uku an farke a wasan ƙarshe?

Kocin Rangers, Gbenga Ogunbote, ya yi abin da ba kasafai koci ke yi ba. Ya cire golansa Femi Thomas ana tsaka da wasa, ya sako Nana Bonsu. Saura abin da bai kai kwata ba a tashi, Kelvin Itoya ya farke ɗaya. Chidera Ezeh ya farke ta biyu. Dab da alƙali zai hura usur, Ibrahim Ajani ya farke ta uku. Aka je bugun fanareti, Rangers ta ci 4, Pillars ta ci 2. Mutanen Inugu suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1983, mu kuma aka bar mu da rediyo a hannu.

Tun a daren aka soma gardamar, kuma in za a faɗi gaskiya har yau ba a gama ta ba. Sunan koci ne ya fara shan wuya, Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu. Wasu suka ce ya janye yara baya da wuri, ya ba Rangers fili. Wasu suka ce a'a, da ma ya janye su ɗin da ba a yi haka ba, laifinsa shi ne bai toshe tsakiya ba. Kowa yana da ɗan wasan da ya kamata a ce an sako, da wanda ya kamata a ce an cire tun minti na sittin. Abin da ya fi yi wa mutane ciwo shi ne ganin kocin wancan ɓangare ya yi ƙarfin halin taɓa gola, wurin da ba a taɓawa, kuma abin ya yi masa kyau. Sai aka mayar da wasan gaba ɗayansa zancen benci: nasu ya san amfanin bencinsa, namu bai sani ba.

Wani dattijo da ke zama a majalisar tasha, tsohon direba ne da ya yi shekaru yana bin hanyar Jos, shi bai ce uffan kan koci ba. Sai da hayaniya ta lafa ya ce da Chinedu Udoji yana raye da ba a ci Pillars uku cikin kwata guda ba. Wurin ya yi tsit. Udoji ɗan bayan Pillars ne mai natsuwa, tsohon kyaftin ɗin Enyimba, wanda ya rasu a haɗarin mota a Kano cikin Fabrairun wannan shekarar, wata takwas kafin wasan Asaba. Irinsa ne ke daka wa yara tsawa idan ƙafa ta soma rawa. Babu kocin da zai rubuta sunansa a takarda ranar, komai iyawarsa.

Kafin mutum ya fahimci zafin wannan gardama sai ya san abin da Pillars take a wurin Bakano. An kafa ta a 1990, aka haɗe ƙungiyoyi uku wuri guda: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Ta ɗauki kofin Firimiya na Najeriya a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 tare da Mohammed Babaganaru, 2014 tare da Okey Emordi. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015 babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a gasar Firimiya, shekara goma sha biyu cur, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago da ci 2 da 1, kuma Emordi bai daɗe a kujerarsa bayan nan ba. Kirarin "Sai masu gida" daga nan ya samo ƙarfinsa. Yaron da ya tashi cikin waɗannan shekaru bai san Pillars da faɗuwa a gida ba. Idan ta faɗi, a wurinsa dole akwai wanda ya yi kuskure, kuma wanda ya fi kusa a kama shi ne mai rubuta sunayen goma sha ɗayan farko.

Akwai wani abu game da mu mutanen kudancin Kano da ya sa gardamarmu ta bambanta da ta mutanen Fagge ko Ƙofar Mata. Su suna shiga fili su gani da ido. Mu galibi ji muke yi. Mutumin Riruwai ya fi kusa da Saminaka a kan birnin Kano, kuma kafin ya je kallon wasan yamma ya dawo sai ya ratsa Falgore da dare, abin da ba kowa ke so ba. Gidajen kallon ƙwallo da ke Tudun Wada da Kiru da Tiga kuwa, Ingila da Sifaniya suke haskawa, domin su ne ke kawo kuɗin man janareta. Za ka samu matashin da ya san duk 'yan bencin Arsenal da fuska, amma ɗan tsakiyar Pillars sai dai ya san shi da suna. To, rediyo tana da halinta. Mai sharhi yana bin bal ne, duk inda ta je nan bakinsa yake. Wanda zai buga firikik, wanda ya yi yanka, wanda ya ɗaga raga, su ne sunayensu ke cika kunne. Ɗan wasan da ya yi minti casa'in yana toshe hanya, yana hana abokin gaba juyawa, yana iya tashi ba a ambace shi sau biyar ba. Shi ya sa idan muka zauna tsara wa koci 'yan wasa, sai ka tarar mun cika gaba da masu suna, mun bar tsakiya fayau. Ba rashin sanin ƙwallo ba ne. Abin da kunne ya kawo mana ke nan.

Shekara ba ta zagayo ba Jugunun nan dai da aka yi wa ca ya sake kai Pillars wasan ƙarshe. Ranar 28 ga Yuli, 2019, a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, aka tashi babu ci da Niger Tornadoes, aka je fanareti, Pillars ta ci 4 da 3, ta ɗauki kofin. Motocin magoya baya da suka dawo ta Kwanar Dangora a daren sun sha tarba. Na so a ce waɗanda suka yi ta zaginsa bara sun fito sun ce Malam Ibrahim ya iya. Kaɗan ne suka faɗa. Yawanci cewa suka yi ai yanzu ne ya ji maganar mutane.

Daga nan ƙasa ta soma zamewa, ba kuma daga benci ta soma ba. A 2020 annobar korona ta zo, aka kafa cibiyar killace masu cutar a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Da aka dawo wasa filin bai dace ba, sai Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Masu gida suka zama baƙi. Duk wanda ya san gasar Najeriya ya san cewa gida shi ne jari. Ƙungiyoyi suna tafiyar kwana ɗaya ko biyu a mota kafin su isa filin abokan karawa, a gajiye, wani lokaci cikin fargaba. Ita kanta Pillars a Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motarta wuta a kusa da Abaji tana hanyar Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, har da Gambo Mohammed. A irin wannan gasa maki uku na gida su ne abincin ƙungiya, na waje kuwa tsintuwa ne. To ga Pillars ita ma ta zama mai tafiya kowane mako, ko wasan nata ne ko na wasu. Mu da ke bakin titin Zariya mun sha ganin motarsu tana wucewa.

A cikin wannan hali ne Ahmed Musa ya dawo, cikin Afrilun 2021. Yaron da ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana sanye da rigar Pillars, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, ya wuce CSKA Moscow, ya je Leicester, ya je Al Nassr ta Saudiyya, ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Kyaftin ɗin Super Eagles sukutum a gasar gida. An yi murna, an kuma samu sabon abin gardama. Wa zai ba shi wuri? Ta gefe zai buga ko lamba tara? Bai daɗe ba, cikin Yuli ya tafi Fatih Karagümrük ta Turkiyya, aka koma kan tsohuwar tambaya, wadda ta fi kowace daɗewa a bakin masoya Pillars: Pele ya fara ko ya zauna a benci?

An haifi Rabi'u Ali a 1980. A kakar 2021/2022, lokacin da ƙungiyar ta soma nutsewa ƙasan teburi, ya haura shekara arba'in. Duk majalisar da ka zauna, daga Kofa zuwa Yako, daga Faskar Wambai zuwa Burji, a kansa ake rabuwa. Wata ranar Lahadi da yamma a Tudun Wada, a rumfar wani mai gyaran babur, ana jiran a karanto sunayen waɗanda za su fara. Mai rumfar ya ɗora rediyo a kan tankin wani babur da ya kwance, hannunsa duk baƙin mai. Ana ambaton Rabi'u Ali wani matashi da ya kawo gyara ya dafe kai.

"Kawu, don Allah ka duba mini. Mutumin nan sa'an babana ne. Yaran da ake karawa da su gudu suke kamar iska. Idan aka ƙwace bal a tsakiya wa zai biyo su? Mu goma muke tsaron gida, su goma sha ɗaya suke kawo hari."

Mai gyaran bai ɗago ba, yana ta ɗaure noti. "Kai yaro, gudun me? Bal ce ke gudu, ba mutum ba. Cikin yaran naka wa zai ajiye ta a ƙafar ɗan gaba daga yadi talatin? In aka samu fanareti a minti na casa'in, wa kake so ya ɗauka, tsakaninka da Allah?"

"Shi, Kawu. Amma a ajiye shi sai an dawo daga hutu, lokacin da ƙafafun kowa suka yi nauyi."

"In aka ci mu biyu kafin hutun fa? Ka sako shi ya yi maka me, addu'a?"

Aka yi dariya, amma ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Na daɗe ina juya wannan musu a raina, kuma abin da na gani shi ne dukansu biyu suna da gaskiya. Matashin ya gano ramin da ke buɗewa a tsakiya idan lamba goma ba ya komowa. Kawun nasa ya gano cewa ƙungiyar ba ta da wani mai natsuwar da zai maye gurbin. Ainihin ciwon yana nan a tsakanin maganganunsu biyu, ba kuwa wanda ya taɓa shi: yaya aka yi ƙungiya kamar Pillars, a jihar da kowane lungu yara ke buga ƙwallo ba takalmi, ta shekara goma ba ta raini wanda zai gaji mutum ɗaya ba? Wannan ba tambayar koci ba ce ranar wasa. Tambayar masu riƙe da ƙungiya ce, ita kuwa ta gwamnatin jiha ce, shugabanninta naɗa su ake yi a kuma sauke su, koci yana zuwa ya tarar da 'yan wasan da ba shi ya zaɓa ba, kafin ya gama sanin su an nuna masa ƙofa. A nan kudu muna da ƙarin ƙorafi a kai. Ana buga gasa mai zafi a filayen makarantun firamare na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa duk bayan kaka, akwai yara masu ƙafa, amma yaron da ba shi da kuɗin motar zuwa birni gwaji, ba shi kuma da wanda zai kama hannunsa, a nan zai tsufa.

Sai ranar 16 ga Afrilu, 2022. Pillars ta dawo Ƙofar Mata bayan dogon zaman Kaduna, za ta kara da Katsina United, maƙwabta, su ma suna neman tsira. Fili ya cika ya batse. Wasa ya yi nisa babu ci, haƙurin wasu ya ƙare. Aka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gudanar da gasar, LMC, ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta zaftare mata maki uku, ta kuma tura ta Abuja ta ƙarasa wasanninta na gida. Gidan da aka yi ta addu'ar a dawo, rana ɗaya aka yi a cikinsa. Cikin Yuni kuma, a wasa da Dakkada, aka samu shugaban ƙungiyar na lokacin, Surajo Jambul, da laifin cin zarafin mataimakin alƙalin wasa. Hukumar ta kore shi daga harkokin gasar, aka sake zaftar maki uku. Da kaka ta ƙare cikin Yuli, Rivers United ta ɗauki kofi, Pillars kuwa ta faɗa gasar 'yan dagaji tare da Katsina United da Heartland da MFM, bayan kimanin shekara ashirin tana babbar gasa.

A nan ne nake rabuwa da yawancin abokan hirata. Mun kwashe wata bakwai muna musun wa za a saka wa za a ajiye, kamar a nan rai yake. Ƙungiyar da ke ƙasan teburi tana iya wata guda ba ta tara maki shida ba. Ga shi an ɗebe mata su ba tare da an buga mata ƙwallo ko ɗaya a raga ba, uku ta hannun masu cewa suna son ta, uku ta hannun wanda aka ba amanarta. Babu jerin 'yan wasan da zai dawo da su. Ko Pele ya fara, ko ya zauna, ko a ɗauko wani daga sama, makin nan sun tafi. Amma da aka faɗi, na zaga majalisu ina saurare, sai na ji ana nan dai kan benci. Wanda ya ɗaga dutse ya jefi motar Katsinawa ba a cika ambatonsa ba, domin shi namu ne, ɗan'uwan wani ne, maƙwabcin wani ne. Koci kuwa baƙo ne a majalisa, ba ya nan balle ya kare kansa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Ba ina cewa a daina gardamar ba. Ita ce ke riƙe da ƙungiyar a zukatan mutanen da ba su taɓa taka Ƙofar Mata ba. Manomin da ya dawo daga fadama a gajiye ya zauna yana kare wani ɗan baya da bai taɓa gani ba, har jijiyar wuyansa ta tashi, wannan mutum ya ba Pillars abin da kuɗi ba ya saye. Ƙungiyoyi nawa ne a ƙasar nan ke buga wasa a fili wayam, ba mai tambayar wa aka saka? Abin da nake ƙi shi ne inda gardama ke rikiɗa ta zama yaƙini, mutum ya tabbatar wa kansa cewa shi ya san daidai, duk wanda ya saɓa masa ko dai an saye shi ko yana da wata manufa. Daga "koci bai iya ba" ake zuwa "koci ya ci kuɗi", daga nan a koma "alƙali ya sayar da mu", daga nan sai tsallaka waya. Hanya ɗaya ce, kuma daga teburin mai shayi take farawa.

Rabi'u Ali bai gudu ba. Mai shekara arba'in da biyu, ya bi ƙungiyar zuwa ƙaramar gasa ta NNL, filayen da ba kyamara ba ɗaukaka. A 2023 Pillars ta dawo babbar gasa tare da Heartland da Katsina United da Sporting Lagos. Ko matashin nan na rumfar mai gyara, da muka sake haɗuwa, ya ce wannan kam ba a ƙwace masa. Ya dai ƙara da cewa yanzu da aka dawo sai a sallame shi da girma. Ba a sallame shi ba, ya ci gaba da bugawa yana kuma ci.

A Oktoban 2024 Ahmed Musa ya sake dawowa, wannan karo da niyyar zama. A wasansa na farko ya ci Sunshine Stars biyu. Shehu Abdullahi, wani tsohon ɗan Pillars da Super Eagles, shi ma ya dawo gida. Filin Sani Abacha ya koma cika, har mutanenmu suka riƙa haɗa kuɗin mota daga Kwanar Dangora domin su ga Musa da Pele a fili ɗaya. Masu cewa a ba yara dama suka ce ƙungiya ta zama ta dattawa. Masu kare su suka ce a nuna musu yaron da ya fi su ci.

Sai a Yulin 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali yana nan yana buga wasa. A nan gardamar ta samu sabon kai, kuma wannan karon tambayar tana da nauyi. Duk wanda ya yi ƙwallon unguwa ya san dokar da ba a rubuta ba: yaron da ya sayi bal ba ya zaman benci. Yaya koci zai dubi mutumin da ke sama da shi a ofis ya ce yau ka huta? Idan ya saka shi, za a ce tsoro ne ko da cancanta ce. Idan ya ajiye shi aka faɗi, ya shiga uku. Ban ji wanda ya zargi Musa da son kai ba. Mutum ne da ya gina wuraren wasanni a Kano da Kaduna da kuɗinsa, kuma ba neman suna ya dawo da shi ba, ya riga ya samu. Amma tsarin da ya haɗa riga da kujera a jikin mutum ɗaya ya ɗora wa kowane koci kaya, ya kuma ba masu zargi abin riƙewa a duk ranar da aka tashi ba daɗi.

Kakar 2025/2026 ta fara da tangal-tangal. Cikin Oktoba Shooting Stars ta Ibadan ta zo Kano. Pillars tana gaba da ci ɗaya har ƙarshen wasa, baƙi suka farke a mintocin ƙarshe. Abin da ya faru a 2022 ya sake faruwa. Aka kutsa fili, aka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar ta zaftare maki uku da ƙwallo uku, ta ci tarar miliyoyin naira, ta rufe filin Sani Abacha, ta tura Pillars Katsina ta riƙa buga wasannin gida, garin mutanen da aka farfasa wa mota shekara uku da suka wuce. Ƙungiyar ta koma can ƙasan teburi. Ga mutumin Doguwa da ya fara sabawa da zuwa birni kallo, Katsina ta yi masa nisan da ba zai iya ba, ya koma ga rediyonsa.

Ba a jima ba aka dakatar da koci Evans Ogenyi, aka kira Mohammed Babaganaru, wanda ya ɗauki kofi a 2012 da 2013, ya zo ya riƙe ƙungiyar. Ranar da labarin ya iso rumfar mai gyaran babur a Tudun Wada, ba a yi minti biyu ana yi masa fatan alheri ba wani ya tambaya ko zai fara da Rabi'u Ali, wanda a watan Satumba ya cika shekara 45. Mai rumfar ya ce ai tare suka ɗauki kofunan nan biyu, ya san abin da ke ƙafarsa. Matashin ya ce, "Kawu, wancan shekara goma sha biyu ke nan." Aka gyara zama.